Dariyar da Ba Oga Ne Ya Shirya Ta Ba

A farkon shekarar 1971, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, wasu 'yan wasan Amurka masu adawa da yaƙin suka aika wa kwamandan barikin Fort Bragg, a jihar Karolina ta Arewa, takardar neman izini. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: a ba su dandali a cikin bariki su yi wa sojoji wasan barkwanci da waƙe-waƙe, kamar yadda aka saba ba wasu. Har rubutun wasan suka haɗa da takardar, don kada a ce sun ɓoye wani abu. Kwamandan, Laftanar Janar John Tolson, ya ce a'a, wannan wasa zai ɓata ɗa'a da ƙwarin gwiwar dakarunsa. A cikin manyan hafsoshin wancan lokaci kuwa Tolson ne ake yi wa kallon mai sassauci, shi ya sa ma aka fara ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Sai suka koma cikin gari, wato Fayetteville, suka nemi hayar babban zauren taro na hukuma. Aka hana su. Suka kai ƙara, alƙali ya ce a ba su. Masu zauren suka ce to madalla, amma a fara kawo takardar inshora, suka yanka kuɗin da suka san ba za a iya biya ba. Ƙarshenta a wani shagon shan gahawa mai suna Haymarket Square aka yi wasan, a tsakiyar watan Maris. Sojoji ɗaruruwa suka cika wurin maƙil, har sai da aka riƙa maimaita wasan, waɗansu su fita waɗansu su shiga. A kan dandalin akwai 'yan fim Jane Fonda da Donald Sutherland da Peter Boyle, da ɗan barkwancin nan baƙar fata Dick Gregory, da mawaƙiya Barbara Dane. Sunan wasan FTA, haruffa uku da sojoji suka daɗe suna rubutawa a bangon bayi da kan hular kwano a matsayin ashar ga rundunar. 'Yan wasan suka tsabtace fassarar, suka ce nasu yana nufin a 'yantar da soja. Kowa dai ya san zancen.

Yawanci idan ana ba da wannan labari, labarin Jane Fonda ake mayar da shi, masu yabonta da masu tsine mata. Ni hankalina ya fi karkata ga waɗanda suka zauna a ƙasa suna kallo. Su ne hukuma take tsoro, kuma su ne suka fi biyan kuɗin abin.

Kafin a kai ga nan, sai an san irin nishaɗin da gwamnati ta yarda da shi. Tun 1941 Amurka take da ƙungiyar USO mai kai wa sojoji mawaƙa da 'yan wasa duk inda suke. Sarkin wannan harka shi ne Bob Hope. Daga 1964 zuwa 1972, kowace Kirsimeti sai ya je Biyetnam, ya hau dandali riƙe da sandar wasan golf, ya zo da makaɗa da sarauniyar kyau da 'yan mata masu gajerun kaya, a 1969 ma har da Neil Armstrong wanda ya taka wata a shekarar. Jiragen soja ne ke ɗaukarsa, janar-janar ne ke tarbarsa, a ɗauki wasan a nuna a talabijin a gida miliyoyin mutane su kalla. Barkwancinsa ba ya wuce abincin bariki, da zafi, da sauro, da rashin mata. Yakan ɗan taɓa hafsoshi, amma taɓawar da hafsan da kansa zai yi dariya. Dalilin yaƙin kuwa, wannan ba abin wasa ba ne a wurinsa, goyon baya yake yi, kuma aminin Shugaba Nixon ne. A watan Disamba na 1969, a wani sansani a Biyetnam, da ya gaya wa sojoji cewa Nixon yana da shirin kawo ƙarshen yaƙin, ihun ƙi suka yi masa. Mutumin da ya kusa shekara talatin yana shan tafi a gaban soja.

Wannan tsari na san shi tun ina yaro, domin ni ɗan bariki ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da muƙamin saje ya bar aiki. Ƙarshen kowace shekara, cikin sanyin hunturu, ana yin bikin WASA: raye-rayen ƙabilu, jan igiya tsakanin matan sojoji, badujala, daga ƙarshe a kunna ƙatuwar wuta a tsakiyar filin fareti. Akwai wani kofur da duk muke jira. Yakan cusa matashin kai a cikin riga ya yi tumbi, ya zana gashin baki da gawayi, ya maƙale sanda a hammata, ya fito yana tafiyar samanja. Sai ya tsaya gaban wata tsohuwar ganga ya yi ta daka mata tsawa don ta ƙi ƙamewa, har ya yanke mata kwana bakwai a gadurum. Kwamanda yana kujerar gaba yana share hawaye don dariya. Shi kuwa samanjan na gaskiya haƙora kawai yake nunawa. Wata shekara muna komawa gida na ce wa Baba, ashe soja zai iya yi wa ogansa haka? Ya ce, "Kai yaro, wannan dariyar da izini aka yi ta." Washegari da asuba begila ta busa, kofur ya koma kofur.

Saboda haka rundunar soja ba ta ƙin dariya, tana ma kashe kuɗi a kanta. Abin da ba ta lamunta shi ne dariyar da aka yi ba da saninta ba, a wurin da ba ita ta shirya kujeru ba, kan abin da ta ce ba a taɓawa.

Irin wannan wuri kuwa ya riga FTA samuwa da shekara uku. Wajen farkon 1968 wani matashi mai suna Fred Gardner, wanda shi ma ya taɓa sa kaki, ya buɗe shagon gahawa da abokansa a Columbia, Karolina ta Kudu, kusa da barikin Fort Jackson inda ake horar da kurata. Sunansa UFO. Tunaninsa mai sauƙi ne. Garuruwan da ke jikin bariki ba su da abin da suke sayar wa kurtu sai giya da karuwai da bashi mai ruwa da kayan jingina. Yaro ɗan shekara 18 ko 19 da aka ɗauko dole daga garinsu, aka aske masa kai, yana jiran a tura shi Biyetnam, ba shi da wurin da zai zauna a ɗauke shi mutum. To ga wuri: gahawa mai araha, faifan waƙoƙin da samari ke so, hotuna a bango, jaridun da ba a sayarwa a bariki, wani lokaci mawaƙi da garayarsa ta Bature, da kuma lambar lauya ga mai bukata. Ka ɗauka teburin mai shayi ne a bakin ƙofar bariki, wanda hira ta fi shayin kawo mutane. Zuwa 1971 irin waɗannan shaguna sun haura 20: Oleo Strut a Killeen kusa da Fort Hood a Teksas, Shelter Half a Tacoma kusa da Fort Lewis, Covered Wagon a Mountain Home ta jihar Idaho kusa da sansanin sojan sama, da sauransu.

Yadda aka yi da su shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin, domin kusan babu inda aka fito fili aka ce an hana ku magana kan yaƙi. Tsarin mulkin Amurka bai ba da wannan dama ba, sai aka bi ta bayan gida. Yau jami'in lafiya ya zo duba kicin, gobe na kashe gobara ya zo auna ƙofa, jibi a matsa wa mai gida ya ce yana son shagonsa. A Columbia, watan Janairun 1970, 'yan sanda suka garƙame UFO da kwado, aka gurfanar da masu kula da shi bisa laifin damun jama'a, irin dokar da ake kama gidan karuwai da ita. Alƙali ya yanke wa mutum uku ɗaurin shekara shida-shida. Daga baya an sassauta, amma shagon bai sake buɗewa ba. A Tacoma hukumar ladabtarwa ta soja ta shirya sanya Shelter Half cikin wuraren da aka haramta wa soja shiga, sai da hayaniya ta yi yawa ta jingine zaman. A Muldraugh ta jihar Kentucky, kusa da Fort Knox, an jefa wa shagon bam ɗin fetur. Covered Wagon kuwa ƙurmus aka ƙone shi a watan Nuwamban 1971.

Shi kuwa sojan da ke zuwa irin waɗannan wurare, ba ya bukatar a kai shi kotu kafin ya gane kurensa. A watan Satumban 1969 ma'aikatar tsaro ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1325.6, wadda a takarda ta yarda soja ya mallaki jaridar adawa, har ya rubuta ta idan ba a bakin aiki yake ba. Amma ta bar wa kwamanda ikon hana raba ta a bariki, da ikon haramta shiga duk wani wuri da ya ga yana cutar da ɗa'a, ta kuma hana soja shiga zanga-zanga idan yana ƙasar waje. Duk wanda ya zauna a bariki ya san abin da samanja zai iya yi wa mutum ba tare da ya karya doka ko ɗaya ba: gadin dare ranar da ake wasan, soke fas ɗin fita, binciken akwati sau uku a mako, canjin wurin aiki zuwa inda ba ka so. A lokacin, wurin da ba ka so ɗin yana iya zama Biyetnam. Ga kuma 'yan leƙen asiri a cikin masu shan gahawa. Wannan ba zargi ba ne: a Janairun 1970 wani tsohon hafsan leƙen asiri, Christopher Pyle, ya fallasa yadda rundunar ke bin sawun fararen hula masu adawa da yaƙin, har Sanata Sam Ervin ya zauna bincike a kai a 1971. Ervin ɗin kuwa ɗan Karolina ta Arewa ne, jihar da aka hana FTA zaure.

Hatta gidan rediyo da talabijin na sojan Amurka da ke Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, bai tsira ba. A Janairun 1970 wani soja mai karanta labarai, Robert Lawrence, ya faɗa kai tsaye a iska cewa ba a barinsu su faɗi gaskiya. Aka cire shi daga gaban kyamara aka mayar da shi yaron limamin coci na bariki.

Wanda ya kawo shawarar FTA ma ya ɗanɗana. Sunansa Howard Levy, likitan fata ne, kyaftin a Fort Jackson. Ya ƙi koyar da aikin jinya ga dakarun musamman da za a tura Biyetnam, yana ganin magani za a mayar makamin sayen zukatan ƙauyawa. A 1967 kotun soja ta ɗaure shi shekara uku. Bayan ya fito ne ya ce wa Fonda, tunda Bob Hope yana da nasa, me zai hana a yi wa sojoji wani wasan da ke faɗin abin da ke ransu?

Abin da ke ransu kuwa ba ɓoyayye ba ne a 1971. Yawan sojan Amurka a Biyetnam ya kai ƙololuwa a Afrilun 1969, kimanin 543,000, daga nan aka fara janyewa. Ka yi tunanin matsayin wanda aka tura bayan kowa ya san an fara tattara kaya: wa zai so ya zama na ƙarshen mutuwa? Labarin kisan kiyashin da sojojin Amurka suka yi wa mutanen ƙauyen My Lai a Biyetnam ya fito a ƙarshen 1969, kuma a watan da aka fara FTA ne, Maris 1971, kotun soja ta sami Laftanar William Calley da laifi kan wannan kisa. A Afrilu tsofaffin sojoji suka yi layi suna jefar da lambobin yabonsu a gaban majalisa. A Yuni wani tsohon kanar na sojan ruwa, Robert Heinl, wanda ko kusa ba mai son 'yan adawa ba ne, ya rubuta a wata mujallar soja cewa rundunar da ke Biyetnam ta kusa rugujewa: ana ƙin fita fagen daga, ana jefa wa hafsoshi gurneti, ƙwaya ta yi katutu. Ya ƙirga jaridun ɓoye 144 da sojoji ke bugawa ko ake bugawa domin su. Ba 'yan fim ne suka kawo wannan ba. Sun tarar da shi ne.

Kuma daga cikin waɗannan jaridu da hirar shagunan gahawa aka ɗebo yawancin abin da aka yi a dandali. Na kalli fim ɗin da aka yi kan wasan, kuma gaskiya ba duka ne ya burge ni ba. Wasu sassan wa'azi ne tsagwaronsa, wasu waƙoƙin taken zanga-zanga ne aka sa wa kiɗa. Amma inda ya yi kyau ya yi kyau. Akwai wurin da Sutherland yake sharhin gumurzu kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo, da zumuɗi da ƙirgen maki, makin kuwa gawarwaki ne, har jirgin yaƙi ya yi kuskure ya jefa bam kan nasa mutanen, mai sharhi ya ɗauke shi kamar an ci gida. Akwai kuma wanda aka fi tunawa da shi: ana sanar da shugaban ƙasa cewa masu zanga-zanga sun kewaye fadarsa suna neman a tsayar da yaƙi. Ya ce maza a kira sojoji. Sai a ce masa ba zai yiwu ba, ai su ne a waje. A kowane gari sukan sa sunan rundunar da ke wurin. Ka ji yadda zauren ke fashewa! Wannan ihun shi ne abin da Janar Tolson ya hango a takarda. Sojan da yake zaton shi kaɗai ne ke wannan tunani a ɗakin kwanansu, ya waiga ya ga ɗaruruwa irinsa suna tafi, har da wanda gadonsa ke kusa da nasa. Daga ranar ya san da wa zai yi magana.

Wani abin da suka yi da gangan shi ne ƙin kawo mata a matsayin abin kallo. Mutane da yawa sun ce ba za a yi nasara ba, wai soja ba ya zuwa wasa sai don ya ga cinya. Tawagar da ta yi rangadi daga baya rabi mata ce, baƙaƙe da farare, akwai Holly Near da Rita Martinson da Pamela Donegan, ga mawaƙi Len Chandler, kuma matan sun yi waƙa kan yadda maza ke yi musu kallon nama, a gaban dubban mazan da suka yi watanni ba su ga gida ba. Zauren bai watse ba. Martinson tana da wata waƙa mai sanyi da ta danganci Billy Dean Smith, soja baƙar fata da aka tuhuma da kashe hafsoshi biyu da gurneti a Bien Hoa ta Biyetnam a Maris 1971. Kotun soja ta wanke shi daga laifin kisan a Nuwamban 1972, bayan ya daɗe a tsare.

Bayan sun zaga garuruwan bariki a cikin Amurka, a ƙarshen 1971 suka nufi tekun Fasifik: Hawai, Filifin, Okinawa, Japan. Nan ne jirage da jiragen ruwan yaƙi ke tashi zuwa Biyetnam. Ita Biyetnam ɗin ba a bar su sun shiga ba, kuma ko'ina a wajen shingen sansani suka yi wasa, a zauren haya ko filin wasa, a garuruwa irin su Olongapo da ke jikin sansanin sojan ruwa na Subic, da Iwakuni a Japan. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne sojoji kimanin 64,000 sun kalla. Okinawa a lokacin tana hannun Amurka, sai a Mayun 1972 aka mayar wa Japan, don haka 'yan wasan sun tarar da 'yan ƙasa suna nasu boren kan sansanonin, haka ma a Filifin.

A ganina mafi daraja a fim ɗin shi ne inda aka kawar da kyamara daga taurari aka ɗora kan sojoji. Samari ne ƙanana, wasu da ƙurajen samartaka a fuska, zaune a ɗaki mai hayaƙin taba, suna magana a hankali. Baƙaƙen fata suna cewa me ya haɗa su faɗa da ɗan Biyetnam alhali a garinsu ne ake wulaƙanta su. Mata sojoji suna faɗin yadda aka nuna musu cewa an kawo su ne don jin daɗin maza. Kowannensu ya bar fuskarsa a buɗe, ya kuma san washegari zai tsaya a fareti gaban mutumin da yake magana a kansa. Akwai kuma wurin da wasu 'yan tsiraru masu goyon bayan yaƙi suka tayar da hayaniya ana tsakiyar wasa. Ba 'yan sanda aka kira ba. 'Yan uwansu sojoji ne suka yi ta ihun a fita, suka raka su waje, aka ci gaba.

Francine Parker ce ta shirya fim ɗin, kamfanin American International Pictures ya fitar da shi a Yulin 1972. Mako guda ya yi a sinima aka janye shi. Parker, har ta rasu a 2007, ta tsaya a kan cewa matsin lamba ne daga manya a Washington ya sa aka janye. Akwai kuma abin da kowa ya gani da idonsa: a wannan watan ne Jane Fonda ta je Hanoi, babban birnin Biyetnam ta Arewa wadda Amurka ke yaƙa, ta yi magana a rediyonsu, aka kuma ɗauke ta hoto tana zaune kan igwar kakkaɓo jirage tana murmushi. Ko waya aka buga wa kamfanin, ko shi ya ga hadari ya kwashe shanyarsa, sakamakon ɗaya ne. Fim ɗin da ke ɗauke da fuskokin dubban sojoji masu ƙin yaƙi ya ɓace shekaru fiye da talatin.

Kan wannan hoto ba ni da wani uzuri da zan kawo mata. Ita kanta ta sha neman gafara a kansa. Igwar nan da ita ake harbo jiragen da ke ɗauke da 'yan uwan yaran da suka yi mata tafi wata bakwai kafin nan. Gaskiya ne gwamnati ta daɗe tana bin ta: sunanta yana cikin jerin maƙiyan Nixon, hukumar FBI ta buɗe mata fayil, a Nuwamban 1970 an kama ta a filin jirgin saman Cleveland kan wasu ƙwayoyi da gwaji ya nuna bitamin ne, aka janye tuhumar. Sutherland ma takardun da aka saki daga baya sun nuna an sa sunansa cikin waɗanda ake sauraren sadarwarsu daga 1971 zuwa 1973. Amma duk wannan bin sawu bai yi wa tafiyar illar da hoton nan guda ya yi ba. Ya ba masu son yaƙin labarin da suke nema: ga sojoji masu biyayya a gefe guda, ga 'yar fim mai kuɗi da ta ci amanarsu a ɗaya gefen. A cikin wannan labari babu gurbin kofur ɗin da ya saci jiki daga sansani ya je Olongapo ya ɗaga hannu sama. Har yau a wasu wuraren taruwar tsofaffin sojojin Amurka sunanta abin zagi ne, alhali da yawa daga matasan ƙasar ba su taɓa jin cewa sojoji masu kaki sun buga jaridu fiye da ɗari na ƙin yaƙin ba.

Kotu ma daga baya ta rufe ƙofar da aka yi ta turawa. A 1974 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa Levy, tana cewa soja al'umma ce daban da ta farar hula, 'yancin maganarsa ba ɗaya ba ne da na kowa. A 1976, a shari'ar likitan yaran nan Benjamin Spock, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1972 aka hana shi yin jawabi a barikin Fort Dix, kotun ta ce kwamanda yana da ikon hana taron siyasa a barikinsa. Wato abin da Tolson ya yi da ra'ayinsa ya sami hatimin doka. A 1973 kuma aka daina ɗaukar soja dole, bayan yarjejeniyar tsagaita wuta da aka sa wa hannu a Faris a watan Janairu. Wannan ya canja masu kallon gaba ɗaya. Wanda aka jawo da igiya daban yake da wanda ya kawo kansa yana neman albashi da kuɗin makaranta, na biyun yana da abin da zai rasa idan ya buɗe baki. Shagunan gahawan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Lokacin yaƙin Iraƙi an gwada farfaɗo da su, Coffee Strong kusa da Fort Lewis a 2008, Under the Hood a Killeen a 2009, amma ba su tara jama'a irin na da ba, kuma duka sun rufe. Fim ɗin ya fito a faifai a 2009, aka gyara shi aka sake fitarwa a 2021, lokacin da yawancin waɗanda ke cikinsa sun haura saba'in.

Fonda ta karɓi kyautar Oscar a Afrilun 1972, ta sake karɓar wata a 1979. Sutherland ya ci gaba da fim har ya rasu a 2024. Ba ina cewa ba su yi kasada ba, sun yi, amma suna da lauyoyi da suna da gidan komawa. Wanda na fi tunawa da shi wani farabiti ne a Fort Hood, Bruce Peterson, wanda ya fara buga jaridar sojoji mai suna Fatigue Press daga shagon Oleo Strut a 1968. Ba a tuhume shi da buga jarida ba. Tabar wiwi aka ce an samu a jikinsa, 'yar mitsitsiyar da gwajin da aka yi mata ya cinye ta ƙaf, babu abin da ya rage a nuna wa kotu. Aka yanke masa shekara takwas da aiki mai tsanani a kurkukun soja na Leavenworth. Sai da ya yi kusan shekara biyu a ciki kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soja ta soke hukuncin.